Gafakar Ticha Seidu

"Memuna, Tichanki ya tafi. Bayan asuba." Mma Adiza ce, matarsa, a waya daga Salaga. Ina tsaye a nan Yendi da kofin koko a hannu, har yanzu ban sha ba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yawancinku muryarsa kawai kuka sani. Shi ne dattijon nan da ke ɗaukar tsofaffin littattafai da waƙoƙin Hausa na fatake, ya mai da su labaran ban tsoro, ya karanta a waya a yi ta turawa har Bawku. Kun tuna madugun da ya mutu a bakin kogi amma ya ci gaba da jan ayari, don ba mai ƙarfin halin faɗa masa? Sai da ya shigo kasuwar doya yana ciniki da mai motokin, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya.

Shi ya koyar da ni a firamare. Ya ara mini littafin farko da na karanta, na mayar da shi da tabon manja, ya ce ai littafin ma ya ci abinci.

Da na dawo daga jami'a da digirina sabo fil, na rubuta a wannan shafin nawa cewa yana wulaƙanta adabi. Ya danna mini laik. Washegari ya aiko mini da doya uku.

Abin da ban taɓa ganewa ba shi ne dalili. Mutumin da ya haddace baitocin nan fiye da kowa, me ya kai shi cika su da gawawwaki?

Watan jiya na same shi a zaure, ya rame, na tambaye shi.

"Furofesa," ya ce, haka yake tsokanata, "magabata sun rubuta goro, sun rubuta jakuna. Bayin da aka jawo da igiya a bayan jakunan fa? Suna cikin tafiyar, ba sa cikin waƙar. Ƙofa kawai na buɗe musu. Dariyar don ku zauna ku ji ne."

Ya nuna gafaka a saman kabad. Duka rubutunsa yana ciki, da ajami, har da na ƙarshe da bai karanta wa kowa ba. A gidan kuwa ba mai karanta ajami. Mma Adiza ta ga baƙaƙen Larabci, ta ɗauka addu'o'i ne. Shekara da shekaru ba a taɓa gafakar sai da alwala, shi kuma bai gyara mata ba.

"Ranar da na tafi, ki riga Liman zuwa."

Na yi dariya a ranar.

Yau kafin ta ajiye waya ta ce: "Takardunsa ma zan ba Liman, ya karanta mana ranar addu'ar uku, albarka ta same shi."

Idan Liman ya buɗe, ko dai a ji mataccen madugu a gaban jama'a, ko a ƙona komai. Ban san me zan ce mata ba. Ban san ma ta yaya ake faɗa wa mai takaba irin wannan ba.

Allah Ya gafarta wa Ticha Seidu, Ya haskaka kabarinsa, Ya jiƙan waɗanda ya buɗe wa ƙofa. Duk wanda ya taɓa dariya sannan ya waiwaya bayansa, ya sa shi a addu'a.

Na yi alwala, na ja ƙofa. Motar Salaga ta kusa cika.