Lauya Birki da Gidan Kafinta

Kafinta ya sayi gidansa na farko da lauyan masu sayarwa, ya bar nasa lauyan zaune a ofis. Daga nan komai ya lalace. Ana tayar da maganar yanzu ne saboda lauyan da ya bari zai rufe ofis ƙarshen watan nan, ciwon gwiwa ya ci ƙarfinsa, kuma har yau ba wanda ya ce masa sannu da aiki.

Ofishin ɗaki ɗaya ne a saman shagon kafintan: teburi, fanka mai ƙara, da kujerar baƙi da aka sha ɗaure wa ƙafa. Kullum da safe tsohon zai hau benen yana hutawa a tsakiya, ya rataye kwat, ya sake saukowa, don aikinsa ba na zama ba ne. In aka kawo masa cinikin gida, sai ya taka ya ga gidan, ya gaisa da maƙwabta, ya tambayi na wane ne tun asali. In na gado ne, ba ya sa hannu sai ya ji "na yarda" daga bakin kowane magaji, mace da namiji. Shi ya sa dillalai suka laƙa masa Birki. Ciniki na gudu, shi zai taka.

Gidan da kafinta ya gani na gado ne. Ya gaji da haya, yara sun girma, matarsa har ta zaɓi inda za ta ɗaura igiyar shanya. Tsohon ya je ya dawo yana dafa bango.

"Ɗana, magadan suna da ƙanwa da ke aure a nesa. Ba a tambaye ta ba."

"Baba Lauya, yayyenta sun ce ta yarda."

"Yayyenta ke da bakinta? A kira ta in ji."

"Sun ce ba su da lambarta."

"Amma sun san ta yarda. Ka ji ikon Allah."

Dillali ya ja kafinta gefe ya ce, "Wannan tsohon ko kaza zai saya sai ya nemi uwarta. Muna da lauyanmu, yau-yau za a gama." Aka kuwa gama. Kafinta ya tare, ya yi wa kowane ɗaki ƙofa da hannunsa, ya daina ɗaga kai in ya ji tafiyar tsohon a bene.

Bayan an kwana biyu ƙanwar nan ta zo ganin gidan ubanta, ta tarar da baƙi a tsakar gida. Ta kai ƙara, kotu ta rushe cinikin. Yayyen sun watse da kuɗin, dillali ya kashe waya, wancan lauyan ya ce shi masu sayarwa ya yi wa aiki, kuma gaskiyarsa ce.

Baba Lauya, kai ne ka sauko da wannan gwiwar ka sami kafinta zaune a kan katako ya haɗa kai da gwiwa. Duk layin mun kasa kunne mu ji ka ce ai ka faɗa masa. Abin da ka ce kawai, "Tashi ka sa riga, mu je mu gaishe ta." Kai ne ka zauna a gaban matar, sa'ar 'yarka, kana roƙo har ta bar yaran suka ƙarasa zangon karatu kafin a fitar da kaya. Gidan kam ba ka iya ceto shi ba, kuma ba ka yi masa ƙaryar za ka iya ba.

Mun gode, Birki mai tsayar da ganganci. Allah ya ba ka lafiyar ƙafa. Lauyoyi masu tasowa, ku tashi daga kujera ku je ku gani. Mai neman gida kuma, ka ɗauki lauyan da kai kaɗai yake yi wa aiki, in ya ce ka jira ka jira.

Kafinta bai jira ba. Yanzu matarsa da yara suna gidan iyayenta, shi kuwa yana kwana a bayan shago, a kan gadon da wani ya ba shi gyara bai zo ya ɗauka ba.