Ɗigo Huɗu Bayan Shan Ruwa

Shekarun baya, saura kwana biyar a ɗauki azumi, aka yi mini aikin yana a idon dama a Katsina. Ni tela ne a Batsari, kuma na hagun tun ina yaro dishi-dishi nake gani da shi. Wato dai na daman nan shi ne abincina da na iyalina.

Aka sallame ni da 'yar kwalbar maganin ɗigawa, fari kamar madara, na hana kumburi. Sau huɗu a rana, a girgiza kafin a ɗiga. Kai jama'a! Yana sauka sai raɗaɗi, hawaye shar-shar, ɗaki ya yi mini hazo na ɗan lokaci. Duk wannan na daure. Abin da ya gagare ni ɗacin ne: jim kaɗan bayan ɗigawa sai in ji shi a maƙogwaro, kamar na tauna ganyen darbejiya.

Da azumi ya kama, kwana uku ina ɗigawa ina haɗiyar ɗaci, zuciyata na ce mini, "To malam, ai ka karya." Tun muna yara muka ji cewa abin da ya kai maƙogwaro ya taɓa azumi. Maimakon in tambaya, sai na yi wa kaina fatawa. Na daina ɗigawa da rana, da an sha ruwa sai in zuba huɗun a lokaci guda. Har ina jin kaina mai dabara.

Matata ta ce, "Malam, haka likita ya ce a yi?"

Na ce, "Huɗu ya ce, huɗu nake sawa. Ko kin ga na rage?"

Ba a yi mako ba idon ya yi jajir, ko hasken ƙofa ba na iya kallo. Wata safiya matata ta miƙo mini buta, na kai hannu gefe na damƙi iska. Nan gabana ya faɗi. Ta yafa mayafi, muka nemi motar Katsina. Duk tsawon hanya salati nake, ina tunanin wa zai riƙe gidan idan idon nan ya tafi.

Likita ya daɗe yana leƙen idon ta na'urarsa. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba. Can ya ce, "Baba, yaya kake sa maganin?" Ina cikin kame-kame matata ta zayyane masa komai, har da gardamar da na yi mata.

Ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, ido ai ba randa ba ne. Ɗigo ɗaya yake ɗauka, sauran kumatunka ne suka sha. Kumburi ne ya dawo, amma alhamdulillahi kun zo da wuri." Na sauke wata ajiyar zuciya da sai da matata ta waiwayo.

Ya nuna mini in na ɗiga in rufe ido, in danne gefensa ta wajen hanci da yatsa na ɗan lokaci, don ta nan wata 'yar hanya ke kai maganin maƙogwaro. Da muka dawo na samu limaminmu, ya ce in bi maganar likita, duk ranar da ɗacin ya kai in rama, Allah bai ɗora wa mara lafiya abin da zai cutar da shi ba. Danne-dannen nan kuwa ya yi aiki, ɗacin ya ragu ƙwarai, jan ya washe a hankali.

Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Tambaya ɗaya ce na kasa yi, don kada a ce babba da ni ban san hukuncin azumi ba, saura kaɗan in rasa ido a kanta. Bayan sallah na rama kwana biyar, ukun farko da wasu biyu da ɗacin ya sake kaiwa. Ni kaɗai ke jin yunwa a gidan, yara na cin tuwo a gabana, amma ina ganin fuskar kowannensu tar.