Ƙwaryar Kakata da Matar Tela

Shekarun baya, lokacin da soja ke mulki, aka kuma ce kowa ya tsuke bakin aljihu, akwatin talabijin ɗaya ne tak a ƙauyenmu da ke kusa da Hunkuyi. Yau jikokina suna zaune a ɗaki ɗaya, kowa da wayarsa, kowa da abin da yake wa dariya. Mu kuwa dariya ɗaya gari duka yake yi, a ƙofar gidan hedimasta.

Hedimastan nan mutumin kudancin Kaduna ne, Kirista, ya daɗe a garinmu har Hausarsa ta koma irin tamu. Ba mu da wutar lantarki, da batirin mota yake kunna akwatin, kuma duk ranar kasuwa sai ya ɗaure batirin a bayan keke ya kai caji. Saboda haka ba a ɓarnar wuta. Labarai kawai ake kallo, sai wani wasan barkwanci na yammacin Lahadi. A ranar yakan fito da akwatin ya ɗora a tebur, maza su tsaya a baya, mata da yara su shimfiɗa tabarmi a gaba.

Wasan na wani tela ne da bai taɓa gama ɗinki a kan lokaci ba, da matarsa. Idan masu kaya suka zo faɗa, ita ce ke tare ƙofa ta kare mijinta da baki har su ba da haƙuri. Suna juya baya sai ta juyo kansa. Tana da wushirya, tana da wata irin harara da take yi ta gefen gyale. Ba mu damu da sunanta na gaskiya ba, matar tela muke ce mata.

Shekarata goma sha biyar, ina aji uku a makarantar kwana a Makarfi, na zo dogon hutu. Ba sai na yi ta kewaye-kewaye ba, son matar tela ya kama ni. Ranar Lahadi nakan yi wanka sau biyu, in shafa mai, in zauna daidai tsakiyar akwatin, wai don idan ta kalli gaba ta gan ni. Kakata, wadda ta haifi mahaifina, ita ta fara ganewa. Kun san wasan kaka da jika, maigidana take ce mini. Ranar nan muna komawa gida ta ce, "Maigidana, wankan nan na biyu dai ba don ni ake yinsa ba." Na ce zafi ake yi. Ta ce lallai, zafin Lahadi ya fi na sauran kwanaki.

A wannan daminar masu wasan suka shigo da halin da ƙasa ke ciki. Ɗinki ya ɗauke wa tela, matarsa tana ɗora tukunya ba abin da za ta zuba, tana kaɗa ruwa da ludayi don maƙwabta su ɗauka miya ce. Mutane suka yi ta dariya, don kowa ya san tukunyar. Kakata kaɗai ba ta yi ba. Washegari ta sauko da babbar ƙwaryarta daga rataye, wadda ta zo da ita gidan aure daga rugarsu, mai zanen wuta a jiki da ɗinkin gyartai a baki. Ta zuba garin masara a ƙasan ƙwaryar, ta ɗora daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa, ta cusa kwalbar man shanu a gefe, ta rufe da faifai ta ɗaure. Ta ce a kai wa yarinyar nan Kaduna.

Gida ya ɗauki dariya. Matan gida suka ce tsufa ya zo, Kaka ta ɗauka abin gaske ne. Mahaifina ya durƙusa ya yi mata bayani a hankali cewa wasa ne, biyansu ake yi. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce ta ji, a kai. Ba ya iya yi wa uwarsa musu. Kawuna yana tuƙa motar hatsi daga Hunkuyi zuwa Kaduna, sai aka ce in bi shi, tunda ni ne ɗan boko mai iya karanta allon hanya.

Ban taɓa karɓar aike da saurin da na karɓi wannan ba. Na yage takarda daga tsakiyar littafin lissafi, na rubuta wasiƙa shafi biyu. Na gaya mata ina aji uku, saura shekara biyu in gama, kuma ni idan na yi alkawari ina cikawa, ba kamar tela ba. Na rasa inda zan ɓoye ta, sai na ɗaga faifai na tura ta ƙarƙashin daddawa.

Kawuna ya sauke ni kusa da gidan talabijin, ya ce zai biyo ta nan da la'asar idan ya sauke kaya. A lokacin sojoji ne ke gadin irin waɗannan wurare. Na tsaya gabansu da ƙwarya a ka, ina ɗari-ɗari, don mun sha jin labarin tsallen kwaɗo da bulala. Ɗaya ya sa na sauke, ya ɗaga faifai, warin daddawa ya buge shi. Ya tambayi ta wace ce, na faɗa. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya dubi man da na shafa yana naso a goshina.

"Kai ma?" in ji shi. "To ka bi layi, duk mu nan muna gabanka."

Abokan aikinsa suka kwashe da dariya. Sannan ya nuna mini hanya da kirki, ya ce ba a nan suke zama ba, a wata makarantar firamare da ke baya suke gwaji, ƙarƙashin mangwaro.

Na same su kuwa. Telan na fara ganewa, yana ta faɗa da wani kan takarda. Ita tana zaune a benci, goye da yaro. Abin da ya fara ba ni mamaki gyalenta ne. Shekara guda ina ganinsa ruwan toka a akwatinmu mai baƙi da fari, ashe kore ne. Na biyu, ta girmi yadda nake zato nesa ba kusa ba, ba za ta rasa sa'ar ƙanwar mahaifiyata ba. Silifas ɗinta an ɗaure madaurinsa da waya.

Na durƙusa na gaishe ta, na ce kakata ce ta aiko ni daga wajen Hunkuyi. Ta kwance ɗaurin tana murmushi, da alama ta ɗauka wata tsokana ce. Da ta ga abin da ke ciki sai murmushin ya tafi. Ta daɗe tana kallon garin masarar nan. Wata da suke wasan tare ta ce mini ƙasa-ƙasa, matar telan aikin buga tafireta take yi a wata ma'aikata, korar ma'aikata ta biyo ta kanta, ga yara huɗu, abin da wasan ke kawowa kuma bai taka kara ya karya ba.

Tana jujjuya kayan sai ga wasiƙata. Man shanu ya yoyo a kanta, daddawa ta gama da sauran. Ta riƙe ta da yatsu biyu.

"Wannan ma Kaka ce ta rubuto?"

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Ta karanta shiru har ƙarshe, ba ta nuna wa kowa ba, ta ninke ta sa a jaka.

"Ɗana," ta ce, "rubutunka yana da kyau. Kada ka bari komai ya fitar da kai daga makarantar nan. Ka ce wa Inna na gode, Allah ya saka, ta zo mini a ranar da ta dace."

Kalmar nan ɗana ita ta kashe auren tun ba a kai gaisuwa ba. Ta ce ba ta da abin juyewa a nan, za ta je da ƙwaryar gida. Ta ciro sandar sabulu daga jakarta, wadda ta bi dogon layi ta samo da safen nan, ta ba ni tukwici. Kowa a ƙasarmu ya san ɗan aike ba ya dawowa ba tare da mazubi ba. Ni kuwa kunya da daɗi sun haɗu sun rufe mini kai, ban ko faɗa mata sunan ƙauyenmu ba, na tashi na tafi.

Sai da na shiga zaure na gane abin da na yi. Mahaifina ya dubi hannuna, ga sabulu, babu ƙwarya. Sabulu a lokacin abu ne da ake kulle shi a akwati. Ya tambayi kawuna, kawuna ya ce shi dai a titi ya sauke ni, a titi ya ɗauke ni. Na rantse na kai. Mahaifina bai ɗaga murya ba, bai kuma taɓa ni ba. Ya ce labarin bai shiga kansa ba, abin da ya fi kama da gaskiya shi ne na sayar da kayan tsohuwa a tasha na yi sayayya. Dama tun da aka dawo da biyan kuɗin makaranta yake ta auna ko zai iya. Ya ce wanda aka ba amanar ƙwarya ya kasa, ba za a tura shi Makarfi inda ido ba ya kai wa ba. In hutu ya ƙare, gona zan ci gaba da zuwa. Kallon talabijin ma ya hana ni.

Saura mako huɗu a koma. Kakata ba ta ce na yi ba, ba ta ce ban yi ba. Ta karɓi sabulun ta ajiye ba ta taɓa shi ba. Lahadi biyu na yi a bayan darnin hedimasta, ina jin dariyar mutane, ina jin muryar matar da ta jawo mini.

Lahadi ta uku ina wurin, sai na ji dariya ta tsaya. Na ji kakata ta yi wata magana da Fulatanci, abin da ba ta yi sai abu ya kai mata, sannan ta ce a kira mata ɗanta yanzu. Na leƙa ta kafar kara. Ga matar tela zaune a tsakar gidanta na wasa, ga ƙwarya a cinyarta, zanen wutar ya fito sarai, ɗinkin gyartai yana fuskantar mu. Mahaifina, wanda bai taɓa zuwa kallo ba, ya iso da carbi a hannu ya tsaya a baya. Daidai lokacin telan ya miƙa hannu zai ɗebi daddawa, ta buge hannun da ludayi.

"Sauke hannunka," ta ce masa. "Uwata ce ta aiko mini daga wajen Hunkuyi. Kuma ɗan aiken da ta turo ya fi ka cika alkawari, ga shi da kyan rubutu."

Wurin ya kaure. Hedimasta ya tashi yana tafi, mata suna ta guɗa, wani ya hango ni ya jawo ni ta kan darni. Babu wanda ya san zancen rubutun nan sai ni da ita, amma hakan bai hana a yi shekaru ana kirana mai kyan rubutu ba. Mahaifina ya tsaya har aka gama. A hanyar gida yana gaba ina baya, bai juyo ba ya ce, "Gobe ka kai wandon makarantarka a sake shi, na ga ya yi maka gajere." Iyayenmu haka suke ba da haƙuri, mu ma haka muke karɓa.

Da safe na sami kakata tana yanka sabulun nan gida-gida tana raba wa matan gida. Na ce mata, yanzu dai ta yarda wasa ne, tunda ga ƙwaryarta a ciki. Ta dube ni kamar na faɗi abin tausayi.

"Maigidana, ni na raini yara tara, ban san wasa ba? Ku kuna kallon bakinta, ni wuyanta nake kallo. Bara awarwaronta a nan yake tsayawa, bana har gwiwar hannu yake zamewa. Wannan ba tela ne ya yi mata ba."

Na ce to za a je a karɓo ƙwaryar. Ta ce a bar ta, a shekarar da ake korar masu takardu ita ƙwaryarta ta samu aiki a Kaduna, wa zai fitar da ita. Ta kuwa daɗe a aikin. Har aka daina wasan tana nan rataye a bangon matar tela, kuma duk Lahadi sai kakata ta duba ko ana kula da ita.

Bayan nan aiki ya kai ni wurare. Na zauna a Yamai da Abijan, na yi shekaru a Alƙahira, na koyi Faransanci da Larabci a kan Fulatancin da na tsinta a ɗakin kakata. Ko'ina na tarar da mutane suna da tasu matar telan. A Alƙahira na ga masu shayi sun bar tukunya tana tafasa saboda wata ta fito a akwati, a Abijan na ga hoton wata a jikin motocin haya. Son iri ɗaya ne da nawa, kowa abin da zai samu yake nema, hoto ko gaisuwa ko kallo ɗaya. Wanda ya dubi mai ba shi dariya ya tambayi kansa ko ta ci abinci, wannan a ƙofar gidan hedimasta kaɗai na gan shi.

Kwanakin baya wani abokina na makaranta ya kira ni ya ce matar tela ta rasu, cikin 'ya'yanta da jikokinta, da rufin asirinta. Allah ya jiƙanta, ya jiƙan kakata da mahaifina. Na yi tsammanin zan ji nauyi a ƙirji, sai na sami kaina ina dariya ni kaɗai, ina tuna takardar nan mai warin daddawa da ta rufa mini asiri a kanta.

Na koma Makarfi a wannan zangon da wando mai tsawo, ban kuma sake fita daga makaranta ba sai da na gama. Mahaifina bai ƙara tambayata shaida a kan wata magana da na faɗa masa ba har ya bar duniya.