Wuƙar Buroshi

Ɗan yayata ne, amma ba zan yi masa ado ba. Buroshi ake ce masa, don tun yana makaranta aljihunsa ba ya rabuwa da buroshin fenti. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bayan tashar mota, kullum cikin warin kananzir. Allunan shaguna yake rubutawa ya ci abinci, fuskokin mutane kuma yake zanawa don kansa. Hannu yana da shi. Zuciya ma yana da ita, irin ta ubansa.

Da ya sayi babbar waya, sai ya riƙa ɗaure ta da roba a jikin tsani tana ɗaukarsa yana aiki. Ba mai kallo sai matarsa. Wata rana hancin wani tsoho ya ƙi zama, ya zaro wuƙar kankare fenti ya tsarge zanen daga goshi har haɓa, ya tattake katakon. Ya manta ana ganinsa kai tsaye. Washegari duniya ta san shi.

Daga nan aikin ya juye. Ya zana abu ya yi kyau, sannan ya kashe shi a gaban waya: yau wuƙa, gobe guduma, jibi fetur da ashana. Ya ƙona girarsa, ya fasa ɗan yatsa, mutane suna tura masa hoton wuta da dariya.

"Na tsani abin nan, Inna," in ji shi. "Kare ne na saba wa nama."

Ya taɓa jefa wayar a bokitin fenti. Kafin yamma yana wurin mai gyara yana roƙo.

Bakinsa ne ya ja mana. Ya faɗa wa masu kallo cewa aikinsa mafi kyau zanen uwarsa ne. Yayata ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Shi ya zana ta a ciwonta na ƙarshe, kuma wannan ce kaɗai fuskarta da ta rage. Tana rataye a ɗakina, saman keken ɗinki.

Da safe ya shigo, waya a kan sanda, ina guga.

"Inna, ina kwana. Gaisa da jama'a."

"Jama'ar gidanku. Cire takalmi."

"Aron Mama zan yi. Tsorata su kawai, in ɗaga wuƙa in fasa."

"Ɗaga ta a kan kanka."

Ya riga ya sauke zanen ya jingina shi da keke. Idonsa ba ya kaina, ba ya kan uwarsa, yana kan rubutun da ke gudu a waya.

"Ji wannan. Wai ba zan iya ba. Wai ɗan mama."

Na ga muƙamuƙinsa ya motsa, na san wannan motsin. Na kai hannu na tare. Wuƙar ta bi ta tafin hannuna, ta shiga zanen daga kunne zuwa baki. Da ɗaya hannun na kwaɗa masa dutsen guga a kafaɗa, da zafinsa. Ya yi ƙara, ya ga jini, ya maka wayar da bango, ya bi ta da dunduniya har ta zama gari.

An ɗinke ni a asibiti. Yatsu biyu ba sa lanƙwashewa har yau. Jinina ya jiƙa zanen, shi kuma garin wankewa da kananzir ya tafi da idanun.

Ya ce zai sake zana ta daga kai. Ya yi, wata mata ta fito da ba mu sani ba. Ya sake, sai ga ni.

Yanzu wayar matarsa yake ara. Bidiyon yana nan yana yawo, wani ma ya sa masa kiɗa. Yakan tsayar da shi daidai kafin wuƙa ta sauka, inda fuskar take ƙarama, hannuna ya rufe rabinta, ya matso da ido yana kwafa. In yatsansa ya goce, bidiyon ya ci gaba, wuƙa ta sauka. Sai ya mayar da shi baya.