Gwangwanayen Mushe Hamisu

Mushe Hamisu, malamin boko, ya daɗe yana shaƙar ƙurar alli a lakwal, wato makaranta, daga Damagaram Takaya har Mirriya, kafin gwamnati ta ce masa an gode, ya je ya huta. Ya dawo ƙauyensu kusa da Guna da akwati ɗaya, da tabarau mai ƙafa guda ɗaure da zare, da wani littafin Faransanci mai hotunan tsirrai da taurari, wanda gara ta riga kowa karance bangonsa.

Shekarar da ya dawo matarsa Indo ta rasu. Ɗansa Idris yana Agadas, sai dai kiran salula ranar Juma'a, shi ma rabinsa "Baba kana ji na?" ne. Gida ya yi wa Mushe faɗi. Mutumin da ya saba yara saba'in na ihu a kansa, sai ga shi yana yi wa akuya tambaya, har ya tsaya jiran amsa.

Yaran unguwa ba don Allah suka fara zuwa ba, satar magarya ce ta kawo su. Da ya kama su a kan itacen bai ɗauko bulala ba.

"Ku sauko ku ci a ƙasa," in ji shi. "Amma sai kun gaya mini abin da ya sa magarya ke faɗowa ƙasa, ba ta tashi sama."

Wani mai zubin majina ya ce, "Ai ba ta da fiffike, Mushe."

Mushe ya yi dariyar da rabonsa da irinta tun Indo na raye.

Tun daga ranar, da an yi la'asar zaurensa ya cika. Sai ya karanta shafi guda, ya juya musu da Hausa, ya rufe littafin ya ce, "Littafi ya faɗi tasa. To, mu gwada mu gani ko maƙaryaci ne." Da maganaɗisun mataccen rediyo suka zaƙulo baƙin ƙarfe daga cikin rairayi. Da guntun madubi a kwanon ruwa suka kafa bakan gizo a bangon zaure, babu hadari babu komai. Dokarsa ɗaya ce: kome ka gani, ka ce don me. Uwaye mata suka sha wuya. A ce wa yarinya ɗebo ruwa, ta ce don me. Wasu sun sha rankwashi saboda ilimi.

Mushe kuwa har ƙiba ya fara yi.

Da bazara ta kama, suka iso shafin tsiro. Ya ce kowa ya zo da gwangwanin tumatir da ɗan irin gero daga gida. Aka shuka, aka ba ruwa, ya rubuta sunan kowa da alli a jikin gwangwaninsa. Ya jera su a kan katanga don su sha rana, katangar da ke kallon hanyar rijiya.

Kafin mako ya zagayo kowane gwangwani ya fito da kore, ban da na Safiya 'yar Malam Ari. Ita ce kuma ta fi kowa ba shi ruwa, har waƙa take yi masa.

Mushe ya tafa hannu. "Yawwa! Karatu ya zo. Ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, rana ɗaya, wannan ya ƙi fitowa. Sai mu ce me?"

"Don me!" zaure ya ɗauka.

Aka zazzage gwangwanin a kan tabarma. Adamu, babban cikinsu, wanda bakinsa ya fi ƙafarsa sauri, ya murza ƙwayar ya ce, "Mushe, wannan ai surfaffe ne, ya sha taɓarya. Na tuwo ne, ba na shuka ba."

"Safiya, ba iri na ce ki kawo ba?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Inna ta ce babu. Mun cinye tun azumi."

Sai a lokacin abin ya faɗo wa Mushe. A ƙasar nan manomi zangarniya mafi kyau yake warewa ya ɗaure ya ɓoye, ko yunwa na yankan hanji ba a taɓa ta. Wanda ta kai shi ga cin irinsa kuwa, daga shi sai matarsa sai Allah. Ruwa na sauka zai lallaɓa wajen ɗan'uwa a rufa masa asiri. Mushe ya daɗe yana cin tuwon albashi, ya manta. Ya ce, "To, to, a bar maganar nan a zaure." Wa ya taɓa ɗaure iska a zaure? Kafin magariba matan rijiya sun ji, har da ƙari.

Washegari ya share zaure, ya shimfiɗa tabarma. La'asar ta yi, ta wuce, ko yaro ɗaya bai leƙo ba. Jibi ma haka. Da ya tare uwar Adamu a hanya ya tambaye ta, ko tulu ba ta sauke ba ta ce, "Mushe, yau gwangwani ya leƙa rumbun Ari. Gobe me za ka ce su kawo, tukunyar miya? Kowa da abin da ya rufe."

Mushe ya juya. Ya koma gida ya kwance ɗan damin irin da ƙaninsa ya ajiye masa, ya naɗe a buhu, ya nufi gidan Malam Ari. Ya same shi a ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo wadda babu komai a cikinta.

"Malam Ari, roƙo ya kawo ni. Irin nan nake so a gwada mini a gona. Gwangwani ya yi masa kaɗan."

Ari ya dubi buhun, ya dubi Mushe. "Gonar ma sunana za ka rubuta mata da alli?"

"Alli ya ƙare."

Ari ya yi 'yar dariya ta hanci, ya ja buhun ya tura bayan ƙofa. "Allah ya saka da alheri, Mushe. Ni ban riƙe ka ba, wallahi. Amma yarinya, karatun ya isa haka."

"Ko ranar Juma'a kaɗai?"

"Ko ranar Salla."

Da ruwa ya sauka, gari ya watse gona, manya da yara. Mushe ya sauke gwangwanayen daga katanga, ya goge sunayen da jiƙaƙƙen tsumma, ya jera su a tsakar gida inda babu mai gani. Geron ya yi tsawo ya rasa wurin zuwa, saiwa na leƙowa ta ƙasan gwangwani. Bai zubar ba. Ya ce masu shi ba su ba shi izini ba.

Wani yammaci yana zaune a ƙofar zaure Safiya ta zo wucewa, ƙafa duk taɓo, daga gonar ubanta. Ta rage tafiya, ta rusuna daga nesa.

"Mushe, ina wuni."

"Lafiya lau, Safiya. Geron ya fito?"

"Ya fito."

Ta yi kamar za ta ƙara magana, sai aka ƙwala mata kira daga gida, ta ruga. Mushe ya bi ta da ido har ta sha kwana, sannan ya tashi ya naɗe tabarmarsa.