Gidan da Volkmar Ya Sa Aka Dusashe

Volkmar Tittel mijin yayata ne, kuma shekara arba'in da ɗoriya ke nan ina gaya masa cewa taurin kai ne zai kashe shi. Bai kashe shi ba. Yana nan da ransa a unguwar Laubegast ta birnin Dresden, a gidan nan mai koriyar ƙofa da ke kusa da kogin Elbe, yana da shekara saba'in da huɗu. Yayar tawa Heidrun ce ta riga shi tafiya.

A zamanin tsohuwar gwamnatin Gabas, lokacin ƙasarmu tana rabe gida biyu, gyaran rediyo da talabijin yake yi a wata masana'anta nan Dresden. Mutum ne mai raha a lokacin, har rawa yake yi a biki, ko da yake rawar ba ta da kyan gani. Bayan an haɗe ƙasa aka ba mutane damar karanta abin da 'yan leƙen asiri suka rubuta a kansu. Ya je da safe yana dariya, yana cewa me za su rubuta a kan mai gyaran rediyo. Ya dawo da yamma babu sauran dariya. Daga baya Heidrun ta gaya mini cewa ya tarar da shafi sama da ɗari uku: ranar da suka yi faɗa kan labule, irin miyar dankalin da suka sha, sunan wanda ya zo musu hira da lokacin da ya tashi. Wanda ya rubuta kuwa abokinsa ne da suke kamun kifi tare. Tun daga ranar ban ƙara ganin Volkmar ya yi rawa ba.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Da masana'antar ta rufe ya koma gyaran kwamfuta, kuma da intanet ta shigo gari sai ya ga tsohon macijinsa ya dawo da sabuwar fata. Ya ce da can sai an biya maƙwabci ya sa maka ido, yanzu kai da kanka kake sayen mai sa maka idon, ka zuba a aljihu. Wayarsa mai maɓalli ce. Idon kyamarar kwamfutarsa a liƙe yake da salatif. Ba ya sayayya da katin banki. Duk Asabar yana zama a zauren coci, tsofaffi su kawo masa kwamfutocinsu, ya share musu manhajar manyan kamfanoni ya sa musu Linux, wadda ya ce ba ta kowa ba ce, saboda haka ba ta kai rahoto wurin kowa. Ba ya karɓar ko sisi, amma sai ka sha wa'azi. Ni sau ɗaya na kai masa tawa, na yi wata guda ban gane inda wasiƙuna suka shiga ba. Na ce masa ya mayar mini da shaiɗanina, na fi sabawa da shi.

Wata bazara, a 2008, wani babban kamfani ya aiko motoci masu kyamara a ka, suna bin tituna suna ɗaukar hoton kowane gida don a sa a taswirar intanet. Ranar da motar ta bi ta layinsu Volkmar ba ya nan. Heidrun tana ƙofar gida tana ba furanninta ruwa. Da ta hango motar sai ta ɗaga mata hannu, butar ban ruwa a ɗaya hannun, tana dariya. Ita ta ba mu labari da bakinta a kan tebur, muna shan kofi da kek ɗin Eierschecke. Volkmar ya ajiye cokali. Ya tambaye ta ko ta san wa ta ɗaga wa hannu. Ta ce direba ne, yaron kirki, shi ma ya ɗaga mata.

Kafin a saki hotunan aka ce duk wanda ba ya so a ga gidansa ya cike fom, za a dusashe shi. Mutane da yawa a ƙasar nan sun cike. Volkmar bai tsaya kan nasa ba, sai da ya bi layin gida-gida da fom a jaka. Kuma bai yarda da dusashewa kawai ba, ya haɗa da doguwar wasiƙa cewa a goge asalin hoton kaf, kada a bar ko kwafi ɗaya. Da taswirar ta fito, gidansu ya zama wani dogon tabo mai toka-toka tsakanin gidaje biyu, kamar gilashin banɗaki. Ya yi murna sosai. Heidrun ta ce ai shi ke nan, an shafe ta ranar da ta yi kyau.

Haka ya yi da hotunan iyali. Ya ce ba za a ɗora su a rumbun wani kamfani a wata ƙasa ba, shi zai ajiye da hannunsa. A farkon 2013 ya tattara duk wani kundin hoto da ke danginmu, har da nawa da na marigayiya mahaifiyarmu, ya sauka da su ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda injinansa suke. Yana kwafarsu ɗaya bayan ɗaya zuwa cikin wata kwamfuta da ya haɗa da kansa. Kwafi biyu ya yi, don rigakafi. Duka biyun a ɗaki ɗaya.

A watan Yuni Elbe ya cika ya tumbatsa. Volkmar yana bakin kogi yana tara buhunan yashi tare da sauran maza lokacin da ruwa ya ɓullo ta magudanar ɗakin. Da ruwan ya janye muka sauka mu uku. Kundayen sun zama kamar jiƙaƙƙen burodi, injinan cike da laka. Na zage shi ranar, zagi na gaske, har Heidrun ta riƙe mini hannu. Shi kuwa ya ɗauki shebur ya fara kwashe laka.

Bayan haka ba wanda ya sake tunanin hoto. An yi shekara biyu ana gyaran gida, kuma a gidan Volkmar ba a ɗaga waya a ɗauki mutum, kowa ya sani. Sai ciwon daji ya kama Heidrun. Da gashinta ya zube, ita da kanta ta ce kada wanda ya kuskura ya ɗauke ta hoto. Ta rasu a kakar 2019. Hoton da aka sa a coci ranar jana'izarta na katin shaidarta ne, wanda ake hana mutum murmushi. Volkmar ya dube shi ya ce wannan ba ita ba ce, daga nan bai sake dubansa ba.

Bai yi kuka ba, ni ma ban yi wani na kirki ba. Ya ci gaba da zuwa zauren coci ran Asabar, sai dai wa'azin ya ƙare, gyara kawai yake yi ya miƙa maka kayanka. Ran Lahadi kuma yakan zo wurina cin abincin rana, don ba zan bar mijin yayata ya rayu a kan burodi da tsiran alade ba. Mu ci, ya wanke kwanoni, ya tafi. Wata Lahadin maganarmu ba ta wuce gaisuwa.

Frau Zschoche, maƙwabciyarsa, ita ta tayar da zancen ba da niyya ba. Ita ce kaɗai a layin da ta ƙi cike fom ɗinsa a wancan lokacin, har suka yi shekara ba sa gaisawa. Ta tare ni a shagon burodi ta nuna mini taswirar nan a wayarta: ga mijinta da ya rasu tuntuni, a kan tsani yana gyara magudanar rufi, an dusashe fuskarsa amma tumbinsa na nan yadda kowa ya san shi. Ta ce kullum da safe sai ta gaishe shi. Nan take na tuna da Heidrun da butarta.

Lahadin da ta biyo na buɗe taswirar a wayata na ajiye masa kusa da faranti. Mutumin da ko taɓa irin wannan waya ba ya yi. Ya sa tabarau. Tabon yana nan ya rufe gidan daga rufi har ƙasa. Amma wanda ya yi dusashewar bai kai har bakin titi ba. A kan daɓen, daidai inda tabon ya ƙare, akwai inuwar mutum, hannu ɗaya a sama. Gefenta kuma bakin koriyar buta ya ɗan leƙo.

Ya daɗe yana kallo. Miyarsa ta huce.

"Irmi," ya ce, "ƙara mini girmanta."

Na nuna masa yadda ake ware yatsu. Ya ɗora yatsun da suka kwance injina dubu a kan gilashin, ya ware su.

Ya rubuta wa kamfanin wasiƙa, da hannu, ya ce shi ne mai gidan, ya janye ƙorafinsa, a buɗe hoton. Amsa ta zo cikin ladabi cewa ba zai yiwu ba, an goge asalin tun lokacin, kamar yadda masu gidaje suka nema. Ya sake rubutawa, amsar ba ta canza ba. Na zaci abin zai karya shi, sai na ga ko a jikinsa. Ya ce ƙarya suke yi. Ya ce shekara talatin yana gaya wa mutane cewa waɗannan ba sa goge komai, yana nan a wani rumbu, wata rana zai fito. Ban taɓa ganin mutum ya dogara da rashin gaskiyar maƙiyinsa kamar haka ba, kuma tausayinsa ya hana ni musu.

Daga nan Lahadinmu ta sami tsari. Mu ci, ya wanke kwanoni, ya goge hannu, in miƙa masa waya. Ya zauna bakin taga minti goma ko sha biyar yana kallon inuwar. In ya gama ya kifa wayar a tebur ya ce mini na gode. Bai taɓa buɗe taswirar a gidansa ba, don kwamfutarsa ma an hana ta sanin hanyar kamfanin. Nakan tsokane shi in ce ashe shaiɗanin nawa yana da rana. Sai ya ce in bar shi.

Sau ɗaya na ce masa ai an ce ana iya ɗauke abin da ke fuskar waya a ajiye, ko a wanke shi a takarda. Ya girgiza kai. Ya ce abin da ya ajiye da hannunsa ai mun ga inda ya ƙare.

"Bar shi a wurinsu," ya ce. "Su ba sa mantuwa."

Na yarda da shi, don a harkar nan shi ne malami, ni ko lambar sirrina sai na duba takarda. Da na sani ƙeya ce. Aikin daƙiƙa biyu ne, ko Frau Zschoche na roƙa da ta yi mini.

A 2022 motocin suka sake zagayowa. An buga a jarida cewa za a sabunta hotuna, wanda ke son a dusashe gidansa sai ya sake cike fom. Na gani na wuce. Shi ma ya gani, ya ce ya gaji da fom. Ba wanda ya tsaya a cikinmu ya tambayi abin da zai faru da tsofaffin hotunan.

Wata Lahadi a bazarar 2023 muka ci, ya wanke kwanoni, na buɗe taswirar zan miƙa masa. Sai na ga gida tar. Ga koriyar ƙofa, ga lambar gida, ga tukwanen furanni babu komai a ciki. Daɓen bakin titi fes, rana ta wani gefen take. Na lalubi inda ake komawa tsohon hoto, babu. Na kira Frau Zschoche a waya, tun kafin in yi magana ta ce ita ma tun ran Talata mijinta ya sauka daga tsani.

Volkmar yana tsaye da tawul a hannu yana jira. Na miƙa masa.

Ya sa tabarau. A kan bencin da ke ƙofar gidan akwai wani tsoho zaune shi kaɗai, hannuwa a kan gwiwa, an dusashe masa fuska. Rigar sanyin da ke jikinsa Heidrun ce ta saƙa ta. Ya ware yatsu ya ƙara girman daɓen, ya bi shi a hankali daga wannan gefe zuwa wancan. Sannan ya dawo kan tsohon.

"Ashe suna gogewa," ya ce.

Na ce masa ko zai sake cike fom, a rufe gidan. Ya ce a'a, a bar shi haka, babu sauran abin ɓoyewa a ciki. Ya yi minti goman nan nasa cif a bakin taga, ya kifa wayar, ya ce na gode.

Har yanzu yana zuwa ran Lahadi. Yana ci, yana wanke kwanoni. Bai sake neman wayar ba, ni ma ban sake miƙa masa ba. Koriyar butar tana nan a bayan ƙofarsa, na ganta da na kai masa miya makon jiya, amma bai shuka komai ba bana ma.