Tokuji Hamanaka, Mai Feɗe Kan Barewa na Shiranuka

Haihuwa

An haifi Tokuji Hamanaka a shekarar 1921 a garin Shiranuka da ke gabashin tsibirin Hokkaido. Mahaifinsa Genzo mai ƙona gawayi ne, mahaifiyarsa Kiku kuma tana shanya ciyawar teku a bakin gaɓa.

Koyon sana'a

Bayan ya kammala firamare, aka miƙa shi ga wani dattijo a garin Kushiro wanda sana'arsa jeme fatun namun daji ya ɗora su a kan ƙirar itace su koma kamar masu rai. A nan, cikin zagi da ranƙwashi, ya koyi tsaga fatar barewa daga ƙeya, da zagaye gindin ƙaho, da juya kunne ciki waje, da sa yatsa cikin ido ya ɗaga fatar kafin wuƙa ta bi. An ɗauke shi soja a 1942, ya dawo a 1946 kunnensa ɗaya ba ya ji, ya buɗe shago a bayan gidansu.

Aure da 'ya'ya

A 1948 ya auri Fusae, 'yar wani masunci, suka haifi Noboru a 1950 da Sumie a 1954. Ba a taɓa samun tsaga a fatar idon barewar da ta bi ta hannunsa ba, amma gaskiya bakinsa ba shi da daɗi, kuma Noboru ne ya fi kowa shan sa. Yaron ya fara farauta yana dawowa hannu rabbana, uban kuwa sai ya tare shi a gaban jama'a: "Sannu da zuwa, sarkin maharba! Ran da ka kawo kan da ya isa wuƙata, ni zan feɗe maka da hannuna."

Rasuwar Noboru

A watan Oktoba na 1972 Noboru ya harbi namijin barewa na farko a rayuwarsa. Yana saukowa daga dutse da kan a kafaɗa, wani maharbi ya hango ƙahoni suna motsi cikin ciyawa, ya sakar masa harsashi. Aka kawo gawar da kan barewar a mota ɗaya.

Kaka ta yi ɗumi a shekarar, kuma a ranar da za a ƙona gawar bisa al'adarsu, kan barewar ya soma wari. Maƙwabcinsu Heikichi ya sami Tokuji a shago yana wasa wuƙa, ya ce, "Haba Toku, kai shi ɗakin ƙanƙarar masunta mana, gobe ka yi." Tokuji ya ce ƙanƙara tana cin gefen kunne. Fusae ta tsaya a ƙofa da baƙaƙen kaya, ta ce, "Baban Noboru, mota na jira. Da wa zan ɗauki ƙashin ɗana?" Bai ɗago ba, ya ce, "Na yi masa alkawari." Ya wuni a kan leɓɓa da fatar ido, ya zuba gishiri, gashi ko ɗaya bai zube ba. A can wurin ƙona gawa kuma, da aka zo tsintar ƙasusuwa, inda mutum biyu ke ɗaga ƙashi ɗaya, kowa da dogon tsinkensa, su sa a tulu, Sumie ce ta tsaya a madadinsa tana kuka.

Ƙarshen rayuwa

Bayan addu'ar kwana arba'in da tara, Fusae ta ɗauki Sumie da tulun suka ƙaura zuwa garin Obihiro. Tokuji ya rataye kan a ɗakinsa, bai sake karɓar aikin kowa ba. Kowace kaka yakan sa rigarsa mai kyau ya hau jirgin ƙasa ya je neman gafara, kowace kaka a bar shi tsaye a ƙofa. Ya yi ta zuwa, abin tausayi, har Fusae ta rasu a 1989, kuma ba a sanar da shi ba sai bayan an gama komai.

Rasuwarsa

Ya rasu a watan Fabrairu na 1997 yana da shekara saba'in da biyar, aka ƙona gawarsa a Shiranuka. Ya bar 'ya ɗaya, Sumie, da jikoki biyu da ba su taɓa ganinsa ba. An aika mata, ba ta zo ba. Heikichi kaɗai ya halarta, ya riƙe tsinkensa yana waige-waige, har ma'aikacin wurin ya ɗauki ɗaya tsinken suka ɗaga ƙashin tare.